Bakin teku ya cika: me ya sa ake ƙayyade baƙi a wuraren da ke rayuwa da kuɗin baƙi?

Tun da aka rufe makarantu aka shiga dogon hutu, wayoyin mutanen Yamai suka cika da hoto iri guda: farin rairayi, bishiyar kwakwa, ruwa shuɗi har iyakar ganin ido, sai mutum ɗaya tak a tsakiya yana murmushi kamar gadon wurin ya yi. Wasu hotunan daga Lome ne ko Kwatano, wasu daga Assinie ta Kwaddibuwa ko Saly ta Senegal, na masu hannu da shuni kuwa daga Zanzibar ko Bali. A daidai wannan lokaci kuma labarai suna ta zuwa daga irin waɗannan wurare cewa an rufe wani bakin teku, ko an ɗora wa baƙi sabon haraji, ko an yanke adadin waɗanda za a bari su shiga a rana. A wata fada da nake zama a Bukoki an yi kusan mako guda ana jan maganar, wani ya ce dabara ce kawai ta tatsar baƙi, wani ya ce ai ƙoshi ne ya yi musu yawa, tunda mu nan neman baƙin muke ido rufe ba mu samu ba.

Tambayar ita ce, idan baƙi ne ke kawo kuɗi, me zai sa ƙasa ta tare su a ƙofa? Kuma tsakanin hoton da babu kowa a ciki da labarin cunkoso, wanne ne gaskiya? Maganar ta shafe mu fiye da yadda ake zato, duk da cewa Nijar ba ta da teku, domin a gaɓar Afirka ta Yamma muna nan ta fuska biyu: akwai ɗan Nijar da ya je hutu, akwai kuma ɗan Nijar da ke bin rairayin da tire a ka yana neman na tuwo.

Me ake nufi idan aka ce wuri ya cika?

Ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai taron rana ɗaya, irin wanda ake gani a bakin tekun Lome ranar Lahadi da yamma ko ranar sabuwar shekara, inda mutanen gari ke fitowa shan iska, gari ya waye Litinin wurin ya koma na masunta. Akwai kuma yawon buɗe ido da ya wuce kima, wato baƙi su riƙa kwarara wata da watanni, shekara da shekaru, fiye da abin da ruwan sha, magudanar ƙazanta, wurin zubar da shara da haƙurin mutanen gari za su iya ɗauka. Na farko hayaniya ce da ke wucewa, na biyu shi ne ke kashe wuri.

Makiyayin Azawak ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san rijiya tana da iyakar garken da za ta shayar, kuma ya san idan dabbobi suka yi wa mashaya yawa, kafin ruwan ya ƙafe ciyawar da ke kewaye ce ke fara mutuwa saboda tattaki. Masana muhalli suna yi wa bakin teku irin wannan lissafi: mutum nawa zai ɗauka a rana ba tare da ya lalace ta yadda ba zai farfaɗo ba. Wahalar ita ce lalacewar ba ta fara bayyana a kan rairayi, inda baƙo ke kallo, a ƙarƙashin ruwa take farawa.

A yawancin tsibiran ƙasashe masu zafi, abin da ke sa ruwan ya kwanta lumui kuma ya yi garau shi ne murjanin da ya kewaye gaɓar kamar katanga. Mutane da yawa suna ɗaukar murjani dutse ne, alhali halitta ce mai rai, tarin ƙananan halittu ne da ke gina gidansu a hankali, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, a cikinsa kifi ke hayayyafa, kuma wani kaso mai yawa na farin rairayin da ake ɗaukar hoto a kai ɓurɓushinsa ne. Ƙarfen da jirgin ruwa ke jefawa don ya tsaya yana iya farfasa ginin shekaru hamsin a cikin minti guda. Ƙazantar da otal ke saki a ruwa tana ciyar da gansakuka har ta rufe shi. Ko man da fararen fata ke shafawa don kariya daga ƙunar rana an zarge shi, har jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da masu ɗauke da wasu sinadarai biyu tun daga ranar 1 ga Janairun 2021.

Daga ina wannan taro ya fito?

A shekarar 1950 mutanen da suka tsallaka iyakar ƙasarsu don yawon buɗe ido a duniya baki ɗaya ba su wuce miliyan 25 ba, kamar yadda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar ta ƙiyasta. A 2019 sun kusa biliyan ɗaya da rabi. Annobar korona ta zaftare fiye da kashi 70 cikin ɗari a 2020, amma zuwa 2024 adadin ya koma wajen biliyan 1.4. Bakin teku kuwa bai ƙaru daidai da yawan mutanen ba, a wurare da yawa ma raguwa yake yi.

Tushen abin yana cikin dokar aiki. A 1936 Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashinsu, wato asalin kwanjen da ma'aikacinmu ke ɗauka yau, kuma wasu ƙasashen Turai suka bi wannan hanya. Daga baya manyan jiragen sama suka zo, musamman Boeing 747 da ya fara ɗaukar fasinja a 1970, sai kamfanoni suka bunƙasa ciniki na dunƙule, mutum ya biya sau ɗaya a garinsu a haɗa masa jirgi da ɗaki da abinci. A shekarun baya-bayan nan kamfanonin jirage masu araha da ƙaruwar masu abin hannu a Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa suka ƙara wa kasuwar mutane ɗaruruwan miliyoyi.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne duk wannan jama'a ba ta bazu ba. Lokaci guda take tasowa, wuri guda take nufa. Bature yana gudun sanyin ƙasarsa tsakanin Nuwamba da Maris, saboda haka a watannin nan otal-otal na Senegal da Gambiya ke cika. Wayar hannu kuma ta mayar da zaɓin wuri tamkar kiwon tumaki: inda na gaba ya ɗauki hoto, nan na baya ke son tsayawa. Shi ya sa hoton da babu kowa a ciki ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma ba gaskiya ba ce cikakkiya. Ko dai an ɗauke shi da sassafe kafin jirage su fara sauke mutane, ko an karkata wayar ta yadda taron zai faɗa bayan mai ɗauka, a wasu sanannun wurare ma layi ake bi, kowa ya shiga ya yi minti ɗaya ya fito.

Inda aka kai ga kulle ƙofa

Misalin da aka fi ambata shi ne Maya Bay a ƙasar Tailan, wani ɗan lungun teku da duwatsu suka kewaye, wanda tsawon rairayinsa bai wuce mita 250 ba. Wani fim na Amurka da ya fito a 2000 ne ya tallata shi ga duniya, har aka kai lokacin da mutum wajen 5,000 ke sauka a wurin a rana guda cikin jiragen ruwa kusan 200. Kaso mai yawa na murjanin wurin ya mutu. A watan Yunin 2018 hukuma ta rufe shi da niyyar wata huɗu, amma da aka ga girman ɓarnar sai rufewar ta zarce har Janairun 2022. Da aka sake buɗewa an hana jirage shiga lungun, sai dai su sauke mutane ta bayan tsibirin su tako da ƙafa, an hana iyo, an ƙayyade yawan masu shiga, kuma ana sake rufe shi na wani lokaci duk shekara. A tsawon hutun da wurin ya samu, ƙananan kifayen shak da suka ƙaurace masa sun dawo suna hayayyafa a ruwan da a da ƙafafun mutane suka hana su sakat.

A tsibirin Boracay na Filifin matsalar ta masai ce. Tsibiri ne mai girman kimanin murabba'in kilomita goma, amma ya karɓi baƙi kusan miliyan biyu a 2017, kuma gine-gine da yawa ba su haɗa bututunsu da magudanar gwamnati ba, a teku suke zubarwa. Shugaban ƙasar na lokacin, Rodrigo Duterte, ya kwatanta wurin da ramin masai a bainar jama'a, ya rufe shi wata shida daga ranar 26 ga Afrilun 2018. An rushe gine-ginen da suka ci gaɓa, an gyara magudanai, aka kuma yanke cewa baƙin da ke tsibirin a lokaci guda kada su wuce kimanin 19,000. Ruwan ya gyaru, babu mai musu. Sai dai dubun-dubatar ma'aikata, masu tuƙa kwale-kwale da masu tausa da masu talla, sun yi rabin shekara ba aikin yi a kan laifin da galibi ba su suka aikata ba.

Wasu wuraren haraji suka zaɓa maimakon kwaɗo. Tsibirin Bali na Indunusiya, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan sharar roba a wasu gaɓoɓinsa a 2017, ya fara karɓar rufiya 150,000 daga kowane baƙo ɗan ƙasar waje a watan Fabrairun 2024, abin da bai fi jika biyar zuwa shida na sefa ba. Zanzibar kuma ta wajabta wa baƙi sayen inshora ta dalar Amurka 44, kusan jika 25, tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024. A ganina mai cewa irin wannan tatsa ce bai yi kuskure duka ba, domin wanda ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya jika shida ba za ta mayar da shi gida ba. Harajin ba ya rage taro, amfaninsa ya dogara ne kacokan ga inda kuɗin ya shiga bayan an karɓa.

Kura da shan bugu

Masu kare harkar suna da hujja mai ƙarfi. Yawon buɗe ido yana ɗaukar ma'aikata da yawa waɗanda ba su yi dogon karatu ba, yana kawo kuɗin waje, kuma tsibiri da ba shi da ma'adinai ko ƙasar noma ba shi da wata haja da ta wuce rana da rairayi. Duk wanda ya ga yadda garuruwan bakin teku suka yi tsit a 2020 ya san rashin baƙi ma masifa ce.

Amma a duba yadda kuɗin ke tafiya. Baƙon da ya sayi tafiyarsa a dunƙule a Turai ya biya kamfanin can, ya hau jirgin can, ya sauka a otal da sau da yawa mallakar kamfanin waje ne, ya ci abincin da aka shigo da rabinsa daga waje, kuma tunda ci da sha duk suna cikin kuɗin da ya riga ya biya, ba shi da dalilin leƙa gidan abincin da ke bayan katanga. Abin da ke saura a gari shi ne albashin mai shara da mai gadi da ɗan abin da baƙo ya saya na tsaraba. Shara da tsadar kifi da tsadar haya kuwa duk a gari suke zama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ruwan sha ya fi komai tona wannan rashin daidaito. Wani bincike da ƙungiyar Tourism Concern ta Birtaniya ta fitar a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan gaɓar Zanzibar baƙo yana amfani da ruwa ninki 16 na abin da ɗan gari ke samu a rana. Otal yana da kuɗin haƙa rijiya mai zurfi ya cika wurin iyo ya shayar da furanni, kuma idan aka zuƙe ruwan daɗi da yawa kusa da teku, ruwan gishiri ne ke kutsowa cikin rijiyoyin talakawa. Wanda ya taɓa bin layin famfo a Tahoua cikin watan Afrilu ya san abin da ake nufi da a ce rijiyar unguwa ta koma gishiri.

Akwai kuma haɗarin jingina da bango guda. Lokacin da kamfanin Thomas Cook na Birtaniya ya durƙushe a watan Satumban 2019, Gambiya ta shiga ruɗani ana gab da fara kakar baƙi, saboda shi ke kawo kaso mai tsoka na masu zuwa hutu ƙasar. Harin da aka kai bakin tekun Grand-Bassam na Kwaddibuwa ranar 13 ga Maris na 2016, inda mutum 19 suka rasu, ya nuna yadda rana ɗaya ke iya watsa kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Kure, wurin raƙuman dawa, bayan harin watan Agustan 2020.

Gaɓar da ta fi kusa da mu

Mafi yawan 'yan Nijar da ke zuwa hutun bakin teku ba Bali suke zuwa ba. Kwatano suke zuwa, mai nisan kilomita dubu da 'yan kai daga Yamai, ko Lome, ko Abijan inda kusan kowane gida a Adar yake da ɗan'uwa. Kuɗin iri ɗaya ne, harshen aiki iri ɗaya ne, masauki kuma sau da yawa gidan dangi ne. A wannan gaɓa matsalar ba ta Turawa masu yawa ba ce, ta rairayin da ke ƙarewa ce.

Shekarun baya, kafin a rufe gadar Gaya ta kan iyakarmu da Benin, na kai iyalina Lome a watan Agusta. Ranar Lahadi bayan la'asar muka gangara bakin teku daura da babban titin da ya bi gaɓa, inda ƙarafan tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin mulkin mallaka ke tsaye a cikin ruwa sun yi tsatsa, manyan jiragen dakon kaya kuma sun yi layi can nesa suna jiran shiga tasha. Ba masaka tsinke. Samari suna buga ƙwallo, masu dawaki suna ɗora yara a biya su, kowace rumfa da nata kiɗan, mata suna fasa kwakwa da adda, ga ledojin ruwa da igiya ke kawowa tana komawa da su. Can gefe masunta wajen talatin sun kama doguwar igiya suna jan koma da waƙa, suna ratsa masu shan iska kamar ba su gan su ba, domin su wurin aikinsu ne. Babbar 'yata ta ɗaga waya ta yi ta juyi tana neman kusurwar da mutum ba zai fito ba, har ta gaji ta haƙura.

Rairayin da muka zauna a kai yana da faɗi sosai, kuma dalilin faɗinsa shi ne dalilin kukan wasu. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Madatsar ruwa ta Akosombo da Gana ta kammala a 1965 ta tare yashin da kogin Volta ke kawowa teku, sannan katangar tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, ta tare sauran. Yashi ya taru a yammacin tashar, gabashinta kuma teku ya shiga cin ƙasa har ya haɗiye tsohuwar hanyar da ta nufi Aneho tare da gidajen masunta. Haka abin yake a gabashin tashar Kwatano. A Saly, garin shaƙatawa mafi suna a Senegal, sai da teku ya kai ga katangun otal-otal, aka ciyo bashin Bankin Duniya aka jera duwatsu a ruwa aka zubo sabon yashi. Wani rahoton bankin na 2019 ya ƙiyasta cewa zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓatar muhalli sun ci wa Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal dalar Amurka biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Masu ɗibar yashi don gini su ma suna da nasu kason na laifi, kuma wani ɓangare na ginin otal-otal ne na saukar baƙin da suka zo ganin yashin.

Idan rairayi ya ragu, masu ƙarfi ne ke killace abin da ya saura. Otal ya ja igiya ya sa mai gadi, masunci ya rasa inda zai jingine jirginsa, mai talla a kore shi zuwa ɓangaren da kowa ke cunkushe. Cikin waɗanda ake kora akwai namu: masu shayi da masu tsire, masu tallan tabarau da agogo, maƙeran Abzin masu sayar da kayan azurfa. Duk dokar tsabtace bakin teku da aka kafa a waɗannan ƙasashe, ɗan cirani ne ke fara jin ta a jikinsa, kuma raguwar abin da yake aikowa gida ana ganinta a tukunya a ƙauyukan Illela da Keita.

Teku ba kogin Isa ba ne

A wannan yammaci da muka yi a bakin tekun Lome ne wani dattijo mai tallan tabarau ya ji muna Hausa ya tsaya muka gaisa, ashe mutumin Adar ne da ya shekara fiye da ashirin yana zuwa cirani. Muna cikin gaisuwa ya hango yarana maza biyu sun naɗe wando sun shiga ruwa zuwa gwiwa, sai ya katse maganar ya ce, "Alhaji, jaye ɗiyanka baya, wanga ruwa ba Isa ba ne." Na ce, "Baba, ai sun iya ruwa, a bakin kogi suka tashi." Bai yi mini gardama ba, ya ce in je in tsaya inda suke in ji. Na cire takalmi na shiga. Igiyar da ta zo ba ta fi cinyata ba, amma da ta juya za ta koma sai na ji yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina yana zarewa, ƙafafuna suna nutsewa, wani ƙarfi yana jan ƙwaurina zuwa ciki kamar an ɗaura mini igiya. Ban sake cewa komai ba, na kamo hannun yaran muka fito.

Wannan ita ce fahimtar da ta fi kashe mutanenmu. Gaɓar Togo da Benin da Kwaddibuwa ba ta da katangar murjani irin ta tsibiran da ake gani a hoto, ƙasan ruwan yana gangarawa da sauri, igiya kuma tana fasowa kai tsaye daga tsakiyar tekun Atlantika. Ruwan da ta tara a gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya haɗu ya zama wata siririyar kwarara mai gudu zuwa ciki, wadda gwanin iyo ma ba ya iya yi mata gaba da gaba. Abin yaudarar shi ne wurin da wannan kwarara take shi ya fi kama da wurin lafiya, domin igiya ba ta cika fashewa a nan ba. Wanda ta ɗauka, shawarar masu ceto ita ce kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa, ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu a gan shi. Jar tuta idan an kafa tana nufin kada a shiga, amma a yawancin wuraren da talaka ke zuwa babu tutar, babu mai ceton.

Lokacin hutunmu ma bai taimaka ba. Daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da yaran Nijar ke gida, shi ne lokacin da tekun wannan yanki ya fi hauka kuma ruwan ya fi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka nutse a ruwa a duniya a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba. Taro ba kariya ba ne: a cikin mutum dubu masu kiɗa da ihu, yaron da ruwa ya ja ba a jin muryarsa.

Maganar tarbiyya

A fadarmu wannan ɓangare ya fi ɗaukar zafi. Wasu suna ganin bakin teku wurin tsiraici ne da giya, mai iyali ba shi da abin nema a can. Wasu suna cewa ganin teku ganin ikon Allah ne, kuma yaron da aka haifa a Sahel ya cancanci ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe ko sau ɗaya. Duka biyun suna magana ne kamar bakin teku abu ɗaya ne, alhali rumfar mashaya da dare daban take da wurin da iyalai ke shimfiɗa tabarma da rana. Ƙasashen Musulmi masu rayuwa da baƙi su ma suna fama da wannan lissafi. A Zanzibar hukuma tana buƙatar baƙi su suturta jikinsu idan sun bar rairayi sun shiga gari, a Maldibs kuma an daɗe da ware tsibiran shaƙatawa daban da na mazauna, kuma galibi a na shaƙatawar ne kawai aka yarda a sayar da giya.

Abin da zai canza ga matafiyi daga nan

Hanya ta riga ta yi tsada tun kafin a zo maganar haraji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe, matafiya suna sauka daga mota su tsallaka kogi a kwale-kwale su nemi wata motar a ɗaya gefen, kowane mataki da kuɗinsa, hanyar Burkina kuma rashin tsaro ya sa mutane da yawa suna kauce mata. Ficewar Nijar tare da Mali da Burkina daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ba ta kawo biza nan take ba, domin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci, amma mai niyyar tafiya da iyali ya kamata ya binciki halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara na kowane yaro.

Ga masu hangen nesa, irin su Zanzibar da Tailan, alamu sun nuna ƙa'idoji ƙaruwa za su yi, ba raguwa ba: kuɗin shiga, ajiye gurbi ta intanet kafin a zo, iyakar lokacin da za a yi a wuri, da watannin da ake rufewa. Illar wannan tsari ita ce yana tace mutane da aljihu, mai kuɗi ya samu rairayin da babu kowa, saura su cunkushe a inda ba a biya. Kuma rufe wuri ɗaya ba ya rage masu tafiya, karkatar da su yake yi zuwa tsibirin da ke kusa, wanda shi ma bayan 'yan shekaru zai fara nasa kukan.

Wanda ya riga ya yanke shawarar zuwa Lome ko Kwatano zai iya kauce wa mafi yawan taron ba tare da ƙarin ko dala ba, idan ya bar Asabar da Lahadi ya je ranar Talata ko Laraba da hantsi. A lokacin masu kiɗa ba su buɗe ba, masu dawaki ba su fito ba, sai masunta da ke rarraba kifin da suka jawo, kuma su ne suka fi kowa sanin inda ruwan ke ja a wannan rana.